Kunnena na ƙara tun da na fara aikin injin niƙa

Ɗan Tudun Hatsi:
Salamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan ina aiki a injin niƙan kawuna a nan Gombe. Tun bakwai na safe muke tayar da inji, ba ma kashewa sai lokacin sallah. Yanzu in na kwanta sai in ji kunnena na "wiii" kamar sauro ya shige. Jiya Inna ta kira ni har sau uku daga madafa ban ji ba, ta ce wai na fara raina ta. Ga tari kuma, musamman ranar da aka kawo barkono. Akwai maganin da zan ɗiga?

Malamar Asibiti:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗiga komai. Can cikin kunne akwai wasu 'yan siraran gashi masu kama sauti. Ƙara ce ke kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Iyakar ƙarar da ake bi ita ce desibel 85 na awa 8 a rana (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). In ƙarar ta ƙaru da 3 kacal, lokacin ya koma awa 4. Ka gwada: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to kun wuce iyaka. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna jinka, ka faɗa musu tarin ma, don ƙurar gari na kawo asma. Ka nemi abin toshe kunne na soso da takunkumin N95 mai tace ƙura. Auduga da tsumma yaudarar kai ne kawai.

Tsohon Mai Inji:
Ɗana, ni da kake gani, jikokina sai sun manna baki a kunnena. A zamaninmu gori ake wa mai toshe kunne, wai rago. Amma soso kaɗai ba zai fishe ka ba, injin za ku fara gyarawa. Ku sa salansa, ku fitar da bututun hayaƙin waje, ku ɗaure notunan da ke kaɗawa, ku shimfiɗa roba a gindinsa. In da hali a ja katanga tsakaninsa da inda kake zuba hatsi, bel kaɗai ya ratso. Shagon kuma a fasa masa taga ta biyu.

Ɗan Tudun Hatsi:
Na gode Anti, na gode Baba. Na kai wa Kawu maganar ɗazu bayan la'asar. Sai da na maimaita sau uku, shi ma yana ta "ka ce me?" Ya dai yarda ran Juma'a a kira mai walda saboda salansar.