Innarmu ta yi kansar nono tana da shekara 41, yaushe ya kamata mu fara gwaji?

'Yar Jahun:
Assalamu alaikum. An gano wa innarmu kansar nono tana da shekara 41, ƙanwarta kuma kansar mahaifa ce ta yi ajalinta, Allah ya jiƙansu. Shekarata 28, ina shayarwa, yayata 33. An ce mana sai mace ta kai 40 ake fara hoton nono. Mu ma jira za mu yi?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta musu. Ƙanwata, kada ku jira. Batun 40 na matan da babu cutar a danginsu ne. Ga masu tarihi irin naku, ana farawa shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta a jikin uwa, wato 31. Yayarki ta riga ta isa, ta je a yi mata mamogram, wato hoton nonon, bana, kuma duk shekara.

Ki tambaya ko ta ƙwan mahaifa ce ta kama ƙanwar innarku ko ta bakin mahaifa, don ba ɗaya ba ne. Ta bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, ba gado ba. Ta ƙwan mahaifa kuwa, idan ta haɗu da ta nono a gida ɗaya, likita zai yi zargin matsala a ƙwayoyin gadon BRCA1 ko BRCA2. Uwa ko uba mai ɗauke da ita, kowane ɗa nasa yana iya gada, rabi da rabi ne. Don haka ku binciki dangin uba ma, har maza.

Mai ɗaukar hoto a asibiti, Kano:
Hajiya ta yi daidai, bari in ƙara ta ɓangaren na'ura. Nonon mace mai ƙuruciya a cike yake, fari yake fitowa a mamogram, ƙullutun cutar kansa shi ma fari, sai ya ɓuya. Shi ya sa ba a cika yi wa 'yar ƙasa da 30 ba. Wadda aka tabbatar tana da matsalar BRCA, hoton MRI, wanda na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, ake so ta fara tun tana 25, tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14 daga zuwan al'ada. Yana da tsada, ba ko'ina ake samu ba, don haka ke, Malama, ki riƙa zuwa likita ya duba ki da hannu duk wata 6 zuwa 12, ya haɗa da sikanin idan ya ga dalili. Ki ba jariri ya tsotse nonon kafin a ɗora na'ura. Yayarki kuma kada ta shafa hoda ko turare a hammata ranar mamogram, suna fitowa kamar ɗigo-ɗigo su rikita hoton. Ku nemi takardar turawa daga babban asibitinku zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, kuma ku adana tsofaffin hotuna, da su ake kwatanta na bana.

Ungozoma, Gaya:
'Yata, abin da ya fi damuna shi ne shayarwar nan. Duk ƙullutun da ya fito wa mai goyo sai a ce nono ne ya kwanta, a yi ta gashi da ruwan zafi, a sayo ƙwayoyi a kemis, wata 6 ya wuce. Nonon da ya kwanta yana da zafi, kuma yana sauka cikin kwanaki. Wanda ya haura mako 2, mai tauri, ba ya motsi, sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan, wannan na asibiti ne. Haka idan kan nono ya lotsa ciki, ko jini na fita ta kan nono ɗaya, ko fata ta zama kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata.

Ki duba kanki sau ɗaya a wata, bayan kin shayar. Ki kwanta, hannu ɗaya a bayan kai, ki bi da tafin yatsu uku, a hankali sannan da ƙarfi, har hammata da ƙashin wuya.

Don Allah ban da sakiya, ban da tsagar wanzami. Idan likita ya ce a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji, ku yarda. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ba gaskiya ba ce, wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ko kansa ce ko ƙullutu ne mara illa, wanda shi ya fi yawa a shekarunku.