Ƙawar tauraruwata ba ta da gishiri, ku taimaka da shawara

ƳarGalmi: Salamu alaikum ƴan zaure. Ina babi na 9 a labarina. Waɗanda na ba su karanta sun ce ƙawar Zinatu ba ta da gishiri, aikinta kawai ta shigo ta ce "ki yi haƙuri ƙawata" ta fita. Yaya kuke yi da mutanen gefe har mai karatu ya riƙe su?

Mai Shayin Tasha: Wa alaikumus salam. Ki kashe ta a babi na 10, kowa zai tuna da ita.

ƳarGalmi: Allah ya shirye ka.

Tsohon Mushe: Ɗiyata, idan Zinatu ta koma gidansu, ita ƙawar ina take nufa? Wa ke binta bashi, wa take jira ya kira ta? In ba ki da amsa, ba ki gama ƙera ta ba.

Ɗan Adar: Ƙanwata, duk abin da za ki yi kada ki yarda da masu cewa ki manna mata wata kalma da za ta riƙa maimaitawa. Ni abin ya ci ni. Na taɓa rubuta wasan kwaikwayo, akwai karen mota a ciki, yaro ne da ya tafi ci-rani Abijan ya dawo hannu wofi. Kun san yadda abin yake nan Tawa, wanda ya dawo daga bakin teku sai an ga rediyo, an ga atamfar Inna. Shi ko kunya ta hana shi isa ƙauyensu, sai ya laɓe a motar Ƙonni yana ɗaurin kaya. Duk inda anka tsaya sai ya ja rawani ya rufe fuska kada ɗan garinsu ya gane shi. Layinsa bai fi takwas ba, amma cikin takwas ɗin har da inda yake roƙon direba jikka biyu ya aika gida da sunan daga Abijan sunka fito. Na ba wata ƙungiya, ba zan faɗi suna ba. Ranar wasa na zo na tarar sun cire rawanin, sun cire jikka biyun, sun ba shi i'ina da wani "to madalla" da yake yi bayan kowace magana. Mutane sun yi dariya, ban musa ba. Da anka tashi na tambayi na kusa da ni sunan yaron, ya ce wane yaro? Kuma har yau ba su biya ni ba.

Hajiyar Yamai: Kai Ɗan Adar, ashe maganar kuɗin ce ke cinka.

Ɗan Adar: Duka biyun, Hajiya.

Na Filin Kokowa: Ni ban yarda dariya laifi ba ce. Ku dubi cali-cali, mai ba jama'a dariya a filin kokowa. Ba shi ke neman takobin da ake ba zakaran kokowa ba, amma in ya shigo fili yana kwaikwayon tafiyar ɗan kokowa, jama'a har mantawa suke da wanda aka kayar.

Tsohon Mushe: Cali-cali ya san abin da ya kawo shi fili, abincinsa yake nema. Shi ya sa yake da rai. Wancan "to madalla" me yake nema?

Na Filin Kokowa: Gaskiya ne Baba. Kuma dai a Tawa aka fara gasar takobi a 1975, a riƙa tunawa.

Bagobirin Madawa: A gidanku aka fara, ɗan Maradi ya ɗauke takobin ya tafi.

Hajiyar Yamai: Bawana ya fito. Wa ya ba Bagobiri izinin magana gaban Bazabarma?

Bagobirin Madawa: Hajiya ki fara biyan kuɗin shara tukuna, sannan mu san waye bawan wani.

ƳarGalmi: Jama'a, ƙawar Zinatu fa?

Malama Ta Buza: Ƙanwata, ki sa ta cikin adashi ɗaya da uwar mijin Zinatu, kuma kwasarta ce ta ƙarshe. Yanzu in ta ce "ki yi haƙuri" mai karatu zai tsaya: don Zinatu take faɗa ko don kada adashin ya watse kafin a zo kanta? Ba sai kin bayyana ba. Sannan ki saurari bakinta. Ƴar Ƙonni da ke tsallakawa kasuwar Illela tana lissafi da naira ba ta magana kamar wadda ta yi lakwal a Yamai tana sirka Zabarmanci da Faransanci. In kin rufe sunaye kin karanta hirarsu kin kasa gane mai magana, da sauran aiki.

Mai Shayin Tasha: Ko Ƙoƙi ma, kullum Gizo ne a gaba, amma ita ke sanin inda hatsi ya tafi.

Tsohon Mushe: Adashin ya yi. Sai dai kada ki ba ta babi guda na tarihinta, za ta cinye Zinatu.

Malama Ta Buza: In ta cinye ta ai sai a sake wa littafin suna, Mushe.

Ɗan Adar: Wai cikinku akwai wanda ya san yadda ake rubuta yarjejeniya da ƙungiyar wasa kafin a miƙa musu takarda?

ƳarGalmi: Malama, uwar mijin ta rasu tun babi na 3. Kishiya za ta yi?

Bagobirin Madawa: Hajiya ta yi shiru, ina jin tana neman canji.