Ƙanena na son shiga ƙaramin kulob ɗin zari-ruga (rugby), in bar shi?

Mai Shago Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanena da na ɗauko daga gida yana taya ni zaman shago a Agege, shekararsa 19, ga jiki ga ƙarfi. Abokansa sun ja shi atisayen zari-ruga, yanzu kocin na so ya yi masa rajista. Ƙaramin kulob ne, cikin masu bugawa a ƙaramin mataki, ba manya irin su Cowrie ba. Ba albashi, kuɗin mota ma daga aljihunsa. Inna ce ta damƙa mini amanarsa, kuma na kalli wasan a waya, na ga ƙarti na karo da juna ba ko hular kwano. Don Allah wanda ya san abin ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. A irin wannan matakin na buga har gwiwa ta ce in huta. Abokan wasana ɗalibai ne da masu gadi da 'yan acaba. Wata Asabar ɗin mutum 15 ɗin da ake buƙata ba sa cika, saboda wani na bakin aiki, wani cunkoso ya riƙe shi a hanya, sai mu koma wasan bakwai-bakwai, minti 7 kowane zagaye maimakon 40. Duk da haka ban ga wasan da ke koya wa yaro haɗiye fushi kamarsa ba. Kyaftin ne ke magana da alƙalin wasa, wanda ya yi wa alƙalin gardama a mayar da ƙungiyarsa baya mita 10.

Batun rauni gaskiya ne, amma yawanci daga rashin koyarwa yake zuwa. Doka ta hana kama mutum daga saman kafaɗa, ta hana bangaza ba tare da rungumewa da hannu ba. Yaron da aka koya wa sa kafaɗa a cinyar abokin karawa, kansa a gefe, ya tsira daga da yawa. Inda na fi tsoro shi ne wurin turereniya, da mutum takwas-takwas ke dunƙulewa suna tura juna. Ukun gaba wuyansu ke ɗaukar nauyin, kuma ƙananan kulob na da halin cusa sabon yaro a nan don kawai ƙato ne. Kada ka yarda da wannan sai an horar da shi. Idan babu horarrun 'yan gaba, dole alƙali ya sa a yi ta ba tura juna.

Je filin da kanka. Tambayi kocin wa ke ba da agajin gaggawa ranar wasa, da abin da suke yi idan yaro ya bugu a kai. Amsa ɗaya ce daidai: a fitar da shi, ba ya komawa ranar ko da ya rantse garau yake. Ka kuma saya masa robar kare haƙori.

Alhajin Mile 12:
Ni dai tambayata, in ƙafa ta karye wa zai biya asibiti? Sannan Asabar ranar ciniki ce. Yaro ya zo Legas neman na kansa ne, ɗana.

Bakano a Obalende:
Alhaji, a yi haƙuri, wasan ba baƙo ba ne a wajenmu. Kulob ɗin Barewa na Kano ya daɗe yana bugawa, kuma 'ya'yan Hausawa ne a ciki. Najeriya na da tawagar ƙasa, Black Stallions, wasan bakwai-bakwai kuma yana cikin Olamfik tun 2016.

Mai Shago Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji, maganarka ta asibiti ita zan fara yi wa kocin. Asabar mai zuwa zan bar wa maƙwabcina shagon da safe mu tafi tare. Ɗan Idi-Araba, robar haƙorin a Surulere wajen filin wasa ake samu, ko sai na shiga Eko?