Tambaya kan Worf: me ya sa ya bi Gowron a 2367, ya ƙi shi a 2372?

Jama'a, ina tsara tarihin Worf, ɗan ƙabilar Klingon a shirin talabijin na Star Trek, shekara-shekara, kuma na cije a waje ɗaya.

Farkon bai da wuya. An haife shi a 2340, Romulawa, abokan gabar Klingon, suka kashe iyayensa a harin Khitomer a 2346, 'yan Adam biyu, Sergey da Helena Rozhenko, suka riƙe shi. A 2366 ya yarda Majalisar Klingon ta juya masa baya kan cin amanar da aka ɗora wa mahaifinsa Mogh, alhali Ja'rod, uban wani ɗan majalisar mai suna Duras, ne ya aikata.

Ga inda lissafin ya ƙi. A ƙarshen 2367 ya cire bajen Starfleet, rundunar da yake wa aiki, ya ajiye a gaban kyaftin ɗinsa Picard, ya shiga yaƙin basasar Klingon a ɓangaren shugabansu Gowron. A 2372 kuwa, Gowron ɗin nan ya kira shi mamayar daular Cardassia, ya ce a'a, aka ƙwace filaye da muƙaman gidansu, ƙaninsa Kurn ya rasa kujerarsa a majalisa.

Na gwada fassara shi da biyayya ga jini, 2372 ta rushe ta. Rantsuwar aikin Starfleet kuma ba ta ɗauki 2367 ba. Shin mutuncin Klingon da ya koya daga nesa, a gidan 'yan Adam, shi ne ma'auninsa duka biyun? Wane kashi na shirin ne ya nuna haka ƙarara?