Abin da aka shawarci mai zuwa zaman shayin Japan

Waɗanda suka taɓa zaman shayi a Kyoto bakinsu ya zo ɗaya: kada baƙo ya zo da gaggawa. Ya cire agogo da zobe don kada su karce kwanon shayin, ya bar turare a gida. A fara cin alawar da aka kawo, ita ke rage ɗacin koren shayin. Kafin kurɓa, a ɗan juya kwanon, kada baki ya taɓa gaban kwanon.

Masu ba da shawarar sun fi daɗewa kan ƙaramar ƙofar ɗakin shayi da ake dangantawa da Sen no Rikyu, shahararren gwanin zaman shayi wanda ya rasu a 1591. Sai da rarrafe ake shigarta, jarumi ma ya bar takobinsa a waje. Ni ita ta fi burge ni. A gidajen ibadar Zen kuwa, wani reshe na addinin Buddha, masu ibada kan taru su sha shayi tare, shiru.