Masu neman kuɗin lasisin waƙa a Kano: yaya kuke tsara aikinku, me ke hana ku sarewa?

Manajan mawaƙa, Hotoro:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina kula da harkokin wasu mawaƙa biyu, kuma abin da nake so in mayar sana'a shi ne shigar da waƙoƙinsu cikin fina-finai, tallace-tallace da shirye-shiryen rediyo da talabijin, a biya mu kuɗin izini, waƙar kuma ta ci gaba da zama tamu. Na daɗe ina aika saƙonni, mafi yawa shiru, wanda ya amsa kuma sai ya nemi takardun da ban taɓa gani ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi ta wannan hanya, ko ya taɓa biya, ya faɗa mana yadda abin ya gudana a hannunsa. Allah ya saka da alheri.

Mai sutudiyo, Zoo Road:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ƙara aika ko saƙo ɗaya, zauna ka amsa wa kanka wannan tambaya a kan kowace waƙa: ta wane ne?

Duk waƙar da aka ɗauka haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin muryar, akwai kuma na ɗaukar kanta, wato sautin da ya fito daga sutudiyo. Mai son saka waƙa a fim ko talla sai ya sami izinin ɓangarorin biyu. A nan Kano mun saba mawaƙi ya zo da baitoci, makaɗi ya zauna a kan fiyano ya haɗa kiɗa, 'yar amshi ta sa murya, wani alhaji ya biya kuɗin sutudiyo, kowa ya karɓi ɗan abin da ya samu a watse. Ba wanda ya rubuta komai. Ranar da kuɗi ya leƙo, ranar ce kowa zai tuna waƙar tasa ce.

A gabana aka yi wata. Wata ƙungiya mai wayar da kai kan lafiyar mata da yara ta ji waƙar wani yaro da aka ɗauka a wurina, suka ce suna so su sa ta a gidajen rediyo na Arewa. An yi ciniki, an daidaita. Sai lauyansu ya ce a kawo sa hannun duk wanda ke da kaso. Makaɗin ya koma Kaduna, lambarsa ba ta shiga, wanda ya biya kuɗin ɗaukar kuma ya ce ai shi ya sayi waƙar ɗungurungum. Kafin a sasanta, lokacin gangaminsu ya matso, suka sa wani ya yi musu sabuwa. Yaron nan har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci, ni ma haka, domin waƙar ta cancanta.

Tun daga nan ba mai fita daga sutudiyona da waƙa sai an cike takardar rabon kaso. Shafi ɗaya ce tak: sunan waƙa, ranar ɗauka, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katinsa na banki, aikin da ya yi, kasonsa cikin ɗari, lambar waya biyu, da sa hannu. In makaɗi ya zaɓi a biya shi kuɗin aikinsa ya tafi, shi ma a rubuta haka ya sa hannu. Ina ɗaukar hotonta in tura wa kowa a WhatsApp kafin su bar wajen.

Tsohon ɗan kasuwar kaset, Ƙofar Wambai:

Malam na ji bayaninka, amma ina da ja. A zamaninmu da baki muke ciniki, mu sayi waƙa mu buga, ba mu taɓa kai kowa kotu ba. Yau ka miƙa wa abokin aikinka takarda ka ce sa hannu, sai ya ga kamar ka ce masa ɓarawo. Na ga zumuncin da ya lalace a kan haka.

Sai dai zan faɗi abin da ya tsare ni. Ina da babban littafi da nake rubuta duk abin da na saya, daga wa, nawa na bayar kafin alƙalami, nawa ya rage, wa ya shaida. Da kasuwar faifai ta mutu, masu tura waƙa a memori suka karɓe harkar, na ɗauka littafin nan ya gama amfani. Ashe da sauransa, domin da aka fara ɗora tsofaffin waƙoƙi a YouTube shi na buɗe na nuna abin da yake nawa da wanda ba nawa ba.

Mai sutudiyo, Zoo Road:

Baba, Allah ya ƙara girma, ai littafin naka shi ne takardar da nake magana. Masu jin kunyar sa hannu kuwa, nakan tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Kuma lokacin miƙa takardar shi ne kafin waƙa ta fita, sa'ad da kowa ke cikin fara'a.

Mai shirya tallace-tallacen rediyo da bidiyo, Nassarawa GRA:

Ni ina ɓangaren masu saye ne, don haka bari in faɗa maka abin da muke gani daga nan. Shirun da kake samu ba kullum ƙi ba ne. Sau da yawa saƙonka ya zo a lokacin da ba ni da aikin da ya dace da waƙar. In tana da kyau nakan ajiye ta, amma sai in an turo ta yadda zan iya gano ta daga baya. Wasu sai su turo fayil mai suna "sabuwa 2" ba sunan mawaƙi, ba lamba, an matse shi a WhatsApp har sautin ya lalace. Wata uku bayan nan ina zan nemi mai ita?

Wanda nake yawan aiki da shi yanzu, ba shi ya fi kowa waƙa mai daɗi ba. Abin da ya fi su da shi, in na kira shi da hantsi, kafin azahar ya turo mini waƙar a WAV, wato fayil mai cikakken sauti da ba a matse ba, da kiɗan zalla babu murya, da gutsuren daƙiƙa 30 da na 60, da baitocin a rubuce. In kamfanin na Legas ne ko na waje, yana da fassarar baitocin da Turanci a ajiye, saboda ba kamfanin da zai ɗora sunansa a kan kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Kiɗan zalla ɗin nan kada ka raina shi, shi muke sawa ƙarƙashin muryar mai talla, kuma sutudiyo da yawa suna goge aikin bayan an gama haɗawa. Ka karɓa tun ranar, har da kowane kayan kiɗa a ware.

Abu ɗaya kuma da ke ci mini rai: karin waƙar Indiya. Waƙa ta yi daɗi, baitoci masu ma'ana, sai ka saurara da kyau ka ji an ɗauko karin daga wani tsohon fim. Wannan ba zan iya saye ba ko kyauta ce, domin ba ku ke da ikon ba ni izininta ba. Muna da kalangu, kukuma, garaya, gurmi da sarewa, kuma masu neman kiɗa daga waje irin sautin da suke tambaya ke nan.

Game da bibiya, ka tuna mini duk bayan 'yan makonni, musamman in kana da sabon abu. Kafin azumi, kafin sallah, da lokacin komawa makaranta aiki ya fi yawa. Kiran dare da saƙo kullum kuwa gudun mutum yake sa ni.

Lauya, Audu Bako Way:

Ga ɗan abin da doka ta ce, don kada a yi ta tafiya a duhu. Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Haƙƙinka yana tabbata ne da zarar an rubuta waƙar ko an ɗauke ta, ba sai ka yi rajista ba. Amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tana karɓar rajistar ayyuka ta intanet, kuma shaidar da take bayarwa tana da amfani ranar gardama. Rajistar da mawaƙi ke yi da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, izinin gudanar da sana'a ce a jihar, ba ita ke nuna wa ya mallaki waƙa ba. Mutane da yawa suna haɗa su biyun.

Sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, doka ta ce sai a rubuce. Lasisi kamar ba da hayar shago ne, ka karɓi kuɗi, wa'adi ya cika shagonka ya dawo hannunka. Don haka duk kwantiragin da aka kawo mini, abu huɗu nake fara dubawa: tsawon lokaci, ƙasashen da za a yi amfani da waƙar, kafafen da za a saka ta, da ko an hana ka ba wa wani. Na sha ganin takardar da aka rubuta "har abada, a duk duniya, a kowace kafa" a kan kuɗin da bai wuce na jingil, wato gajeriyar waƙar talla, na wata ɗaya ba. Na shawarci masu ita su nemi a mayar shekara ɗaya a Najeriya, a rediyo kawai, kuma mafi yawan lokuta masu sayen sun yarda, tunda abin da suke buƙata ke nan tun farko.

Mawaƙiya, Gwammaja:

Yaya mai tambaya, ni tawa gwagwarmayar a intanet na sha ta. Na ɗora waƙata a tashata ta YouTube, sai ga sanarwa wai wani ne mai ita, kuɗin tallan ma can yake tafiya. Ashe wani da ban sani ba ya ɗauke ta ya shigar ta hannun kamfanin rarraba waƙoƙi da sunansa. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Abin da ya cece ni shi ne mai sutudiyonmu yana da ainihin fayil ɗin aikin da kwanan watansa, ni kuma ina da takardar baitocin da rasit. Na shigar da ƙorafi, aka ƙi, na sake, na rubuta wa kamfanin rarrabawar imel da hujjoji. Watanni aka ɗauka kafin a sakar mini.

Yanzu ba na sakin waƙa ko a sitatus sai na fara shigar da ita da kaina ta hannun kamfanin rarraba waƙoƙi. Kowace ɗauka tana samun lambar shaidarta da ake kira ISRC, mai haruffa da lambobi guda 12, ina kwafe ta a jadawali a wayata tare da ranar fita, masu kaso, da inda na ba da izini da ranar ƙarewarsa. Fayilolin suna wuri uku: kwamfutar sutudiyo, filas a gida, da Google Drive.

Kada kuma ka sa rai da wuri. Kuɗin Spotify, Boomplay da Audiomack yakan yi wata biyu ko uku kafin ya bayyana, Spotify kuma tun 2024 ba ya biyan ɗaukar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12. Ka cike fom ɗin harajin Amurka, W-8BEN. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka kashi 30 za a cire daga abin da ka samu daga masu sauraro na can, amma in ba ka cike ba YouTube na iya yanka daga duk abin da ka samu a ko'ina.

Manajan mawaƙa, Hotoro:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, kuɗin da ya kamata a samu in gidan rediyo ko otal ya sa waƙa fa, wa ke karɓo shi?

Makaɗin fina-finai, Fagge:

Bari in amsa maka wannan, tunda na bi hanyar. Aikin ƙungiyoyin karɓar kuɗi a madadin masu haƙƙi ne, waɗanda NCC ke ba wa lasisi. A ɓangaren waƙa akwai MCSN, a ɓangaren fim akwai AVRS. Zama mamba kaɗai ba ya kawo komai, sai ka shigar da kowace waƙa da sunayen masu kaso, in ka yi sabuwa ka koma ka ƙara. In kiɗanka ya shiga fim ko shiri mai dogon zango, ka roƙi furodusa ya ba ka jerin kiɗan da aka yi amfani da su, da sunan kowane da tsawon daƙiƙoƙinsa. Furodusoshinmu da yawa ba su saba da shi ba, ni nake zama da edita in rubuta da hannuna in kai musu su sa hannu. Abin da ke shigowa ta nan bai kai in dogara da shi ba tukuna, shi ya sa ban bar aikin jingil da waƙar biki ba. Safiyar Litinin na ware wa takardu da kiran waɗanda nake bi bashi, ranar ba na kunna fiyano sai bayan la'asar.

Ni ma ina da tambaya ga Barista. Wani furodusa yana so in sake kaɗa wata waƙar marigayi Mamman Shata a fim ɗinsa, ya ce ta gargajiya ce, ta kowa ce. Na ce masa a dakata.

Lauya, Audu Bako Way:

Ka yi daidai da ka dakata. Shata ya rasu a 1999, haƙƙin baitoci da kari kuma yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, wato sai ƙarshen 2069. Magadansa za ku nema, a rubuta yarjejeniya da wanda iyalin suka wakilta, ka kuma nemi ganin shaidar wakilcin. In kuma tsohuwar ɗaukar za ku saka maimakon ku sake kaɗawa, sai an bincika wa ya yi ta da shekarar da ta fita, domin wa'adin ɗauka shekara 50 ne. Ka turo mini sunan waƙar a keɓe, in duba muku kafin furodusan ya fara ɗaukar fim.