Neman kalmar Hausa: me za mu kira "deployment"?

Mai_Fassara: Salamu alaikum jama'a. Akwai aikin da zan miƙa jibi da safe. Kamfanin da nake wa fassara ya gina wa masu rubuta manhajarsa dandalin cikin gida a kan Backstage, wato manhajar gina irin wannan dandali, wadda kamfanin sauraron waƙoƙi na Spotify ya buɗe wa kowa a 2020. Shafi ɗaya ya tsaya mini a wuya. Jadawali ne, kowane layi manhaja ɗaya, a gabanta gurbi uku: wurin gwaji, wurin gwajin ƙarshe, da wurin da jama'a ke amfani da ita. Kowane gurbi yana nuna sigar da ke zaune a ciki, misali 2.4.1 a gwaji, 2.3.9 a hannun jama'a, da sunan wanda ya kai ta, da ƙarfe nawa, da ɗigo kore ko ja. Kan jadawalin kalma ɗaya ce, "deployments", wato kai sigar manhaja wurin da za ta yi aiki, kuma gurbin kalmar ba ya ɗaukar doguwar jimla. Me zan sa?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Turawa. A ofis haka muke faɗa, "na tura ta gwaji".

Dattijon_Nahawu: Ɗana, a baki ne ka ji daidai. Rubuta shi shi kaɗai a saman shafi da babban harafi, ka ga abin da mutum zai karanta: Turawa, 14. Sai ya tambayi su wane ne waɗannan baƙin.

Injiniya_B: Wallahi ban lura ba, Malam. To, saki?

Hajiya_Kod: A'a, kada a haɗa su. Saki daban ne. Ana iya kai sabuwar siga har wurin jama'a amma a bar sabon abin a rufe da makunni, babu mai ganinsa sai ranar da aka kunna. Ranar ce aka sake shi. Kuma siga ɗaya tana iya zuwa wuri uku a lokuta uku, jadawalin nan tafiyar yake ƙirgawa. Sannan "saki uku" a allon ofis, ku dai yi tunani.

Dattijon_Nahawu: Kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci, asalin ma'anarta warware abin da aka naɗe. Saboda haka shimfiɗawa. Na daɗe ina amfani da ita: shimfiɗar manhaja, mashimfiɗi ga mai yi, mashimfiɗa ga wurin. Kalma ɗaya ta haifi uku, ga kuma daɗin faɗa.

Hajiya_Kod: Malam, da girmanka, mashimfiɗa wurin kwanciya zai kawo wa mutum a rai. Ni girkewa nake gani. Rediyo kullum cewa take an girke sojoji a wuri kaza, daga baya an janye su. Turancin ma kalmar soja ce. Ka ga mun samu biyu: girkewa, da janyewa idan ɗigon ya yi ja aka koma tsohuwar siga.

Ɗan_Linux: Ku bar wahalar da kanku. Duk mai buɗe wannan shafi ya san Kubernetes, manhajar da ke sarrafa gudanar da manhajoji a kan kwamfutoci da yawa, ya san "deploy". A rubuta difloi kawai. Yadda muka karɓi kwamfuta da intanet.

Dattijon_Nahawu: Ga irinta nan. Wato Hausa ta yi kaɗan kenan? Na'ura mai ƙwaƙwalwa muka ce, ku ne kuka yi kasala.

Ɗan_Linux: Baba, na'ura ɗin ma ai aro ce daga Larabci. In aro ya zo daga gabas sai ya zama ado, in daga yamma sai ya zama kasala?

Dattijon_Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Naka ko hula bai cire ba.

Injiniya_B: Mu da muke tashi ƙarfe biyun dare idan abu ya faɗi a hannun jama'a ba a tambaye mu ba, sai a zauna a ƙera mana kalma.

Mai_Fassara: Don Allah a yi haƙuri, jibi ne fa. Hajiya, girkewa ta kwanta mini, sai dai a wani shafin na riga na sa "girka" ga saka manhaja a na'urar mutum. Ba za su rikice ba?

Hajiya_Kod: Za su ɗan yi kusa. Mayar da wancan "sakawa", ka bar wa wannan girkewa. Wuraren uku kuma kada ka ce muhalli, sai ka ce ana maganar gurɓacewar iska. Ka ce zango: zangon gwaji, zangon share fage, zangon aiki. Siga tana sauka a ɗaya, ta tashi ta nufi na gaba.

Dattijon_Nahawu: Zango na yarda, Hausa ce tsantsa. Girkewa kuwa, ku je ku yi, amma jam'in fa? Girke-girke za ku rubuta?

Mai_Fassara: Subhanallahi. A'a. "Tarihin girkewa" zan sa, na gwada ya shiga gurbin da ƙyar. Maɓallin kuma "Girke" da "Janye".

Ɗan_Linux: Sa abin da ka ga dama, yayana. Mu dai difloi za mu ci gaba da cewa.

Dattijon_Nahawu: In akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa, a rubuta cewa wasu masana na cewa shimfiɗawa.

Mai_Fassara: Babu wurin, Malam. Na gode muku duka, na koma aiki.